Babi Shida na Ƙarshe a Gidan Madam Selestin

A kan iyakar Seme na gane cewa Faransancin da na shekara huɗu ina koya wa 'yan mata a Gaya bai isa ya sama mini ko ruwan sha ba. Jami'in da ya karɓi fasfona ya yi mini tambaya, na ji ƙarar maganar amma ban tsinci kalma ko ɗaya ba. Na roƙe shi ya sassauta, da irin jimlar da na sha rubuta wa ɗalibai a allo. Ya dube ni, ya dubi hijabina da ya kwana biyu a mota, ya kira abokin aikinsa don shi ma ya ji yadda nake magana. Sai da suka gama dariyarsu sannan ya buga hatimi.

Sunana Sahura, 'yar Malam Idi na Gafasa. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, Ummi, wadda na bari a hannun Inna tana shekara biyar. Ƙarin karatu ya kai ni Benin. Baba ya sayar da ɗaya daga cikin bijimai biyun da yake huɗa da su don wannan tafiya, kuma bai yarda ba sai da ya ji a hannun wanda zan zauna: Yaya Nafi'u, ɗan Alhaji Barau mai sayen hatsi a kasuwar Ajingi. Alhaji Barau aminin Baba ne tun ƙuruciya. Nafi'u kuwa ya daɗe a Kwatano, duk yankinmu an san shi da samar wa yara gurbin karatu a can.

Shi ya tare ni a bakin iyaka cikin mota mai sanyi. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da Ummi. Kafin mu shiga gari ya ce in ba shi fasfona da ainihin takardar shaidar malantata, zai kai ofis a yi rajista. Na zaro su daga cikin ledar da Inna ta naɗe mini su, na miƙa masa ina godiya.

Gidan da ya sauke ni bene ne a kusa da ruwa, an kafa allon makaranta a ƙofarsa. Samari da 'yan mata na Najeriya sun kai goma sha wani abu a ciki, kowa kwance da waya a hannu. Na yi kwana tara ban ga malami ba, ban ga alli ba. A rana ta goma na tare Nafi'u a matakala.

"Yaya Nafi'u, yaushe za a fara shiga aji?"

Ya yi murmushi. "Sahura, ke fa ba yarinya ba ce. Ki huta wata biyu, ki sha iskar teku. Takardarki za ta fito da hatimi da sa hannu da komai. Ki koma Gaya a ƙara miki matsayi. Wa zai tambaye ki?"

"Ni karatu na zo yi."

"Duk waɗanda kika gani a nan karatu suka zo yi. Sun fi ki wayo ne kawai."

"To ba ni fasfona da takardata."

"Suna ofis."

"Wane ofis? Ka kai ni."

Murmushin ya ɗauke. Na ce masa zan gaya wa Baba duk abin da na gani. Ya gyara hularsa, ya ce, "Gaya masa mana. Mu ga wanda za a yarda da shi tsakanina da ke."

Washegari da na idar da sallar asuba na ɗauki jakata na fita. Ban san ko'ina ba. Kalma ɗaya na faɗa wa mai babur, Zango, don na ji yaran gidan suna cewa can Hausawa suke.

A gefen wani masallaci na ga wata mata mai jiki tana tuƙa tuwo a ƙatuwar tukunya. Na tsaya ina kallonta har ta ɗago. Sunanta Inna Mariya, mutuniyar Maraɗi ce, ta shekara ashirin a Kwatano. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta nuna mini benci, ta zubo mini tuwon masara da miyar kuka. Loma ta farko da na kai baki, na ji daddawa irin ta gida, sai hawaye. Ta bar ni na cinye, ta ƙara mini, sannan ta ce, "To, 'yar nan, daga ina?"

Da na gama ba ta labari ta ce tana da tabarma, tana kuma da kwanukan da ke neman mai wankewa.

A kwana na uku Baba ya kira. Na yi ta jinkirin kiransa don ban san da bakin da zan ce masa bijiminsa ya tafi a banza ba. Ashe Nafi'u ya riga ni.

"Sahura, me nake ji?"

"Baba, makarantar ba makaranta ba ce."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Nafi'u ya ce ya hana ki fita da maza, kika yi fushi kika bar gidan. Ya ce wani mai mota yake zuwa ɗaukarki. Maganar nan ta kai Ajingi, ta kai Kademi gidan kawunki. Jiya a masallaci ban iya ɗaga kaina ba."

Na zauna a kan bokitin wanke-wanke. Na rantse masa. Na gaya masa batun takardun bogi. Ya ce, "Ko ma mene ne, ki hau mota ki dawo gida."

A rayuwata ban taɓa ce wa Baba a'a ba. Ranar na ce.

"Baba, ka gafarce ni, ba zan dawo yanzu ba. Idan na dawo hannu biyu, ba karatu, ba takarda, maganarsa ta zauna ke nan har in mutu. Ummi ma za ta gaje ta."

"Ni kike gaya wa ba za ki dawo ba?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

Ya kashe wayar. Sai da aka shekara kafin in sake jin muryarsa.

Wata huɗu na yi ina wanke kwanuka a Zango. Sabulu ya cinye mini tafin hannu, gumin Kwatano ya fito mini da ƙuraje a wuya. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na je ofishin 'yan sanda in kai ƙara. Na shirya jimlolina tun a hanya, amma da ɗan sandan da na tarar ya buɗe baki sai duk suka watse. Ya ce in nuna takardar shaidata. Ba ni da ita. Ya fara tambayar yadda na shigo ƙasar, na ga ƙarar tana neman juyowa kaina, na lallaɓa na fita.

Wani direba da ke cin tuwo wajenmu shi ya kawo labarin wata tsohuwa a Porto-Novo da ke neman macen da za ta zauna da ita. Idonta ya mutu, 'yarta tana Turai, kuma sharaɗinta ɗaya: mai aikin ta iya karatu. Ta kori uku. Inna Mariya ta ce, "Je ki. In ta kore ki, kwanuka suna nan." Ta ƙulla mini kuka da daddawa a leda.

Madam Selestin 'yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, mai farin gashi, tana zaune a baranda ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar mai jiran a kawo mata mai laifi. Ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya. Ta sa na ɗauko wani littafi a kan teburi. Juzu'i biyu ne masu kauri, an yi musu bango da takardar buhun siminti. Ta ce in buɗe na farko in karanta. Ban kai ƙarshen layi na biyu ba ta buga rula a kan teburi.

"Wa ya koya miki Faransanci?"

Na gaya mata.

"Allah ya yafe masa. Kuma kin ce kin koyar da wasu?"

"Shekara huɗu."

"Allah ya yafe miki ke ma. Sake daga farko."

Na sake. Ta buga rula. Na sake. A karo na bakwai na ji raina ya ɓaci, na ɗaga murya na karanta layin kamar ina faɗa da shi. Ta ce, "Waɗancan ukun a karo na uku suka fara kuka. Kai jakarki ɗakin da ke hannun hagu."

Kirista ce, ba ta fashin coci. Amma tun a makon farko ta sa aka sayo mini tukunya da cokula nawa na kaina, ta ce ta san akwai abin da ba na ci. In ta ji kiran salla daga masallacin Yarabawan unguwar, ko muna tsakiyar jimla ne sai ta ce, "Tashi, ana kiranki." Ni kuma nake riƙe hannunta ranar Lahadi har ƙofar coci, in zauna a ƙarƙashin bishiyar mangwaro in jira ta. Mama nake kiranta, kamar yadda kowa a unguwar yake yi.

Littafin na marigayi mijinta ne. Tsohon labari ne na Faransawa, ta ce ta karanta shi tana budurwa, tana so ta sake jin sa kafin ta mutu. Labarin wani saurayi ne da waɗanda ya yarda da su suka ƙulla masa sharri, aka jefa shi kurkuku shekara da shekaru ba da laifin komai ba. Da ya fito ya sami dukiya, ya sake suna, ya dawo ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kullum bayan la'asar muke zama. Da farko babi ɗaya sai ya ci mana kwana uku, saboda rula. In na tambayi ma'anar kalma ba ta faɗa mini, sai ta ce in ci gaba, kalmar za ta sake zuwa ta faɗi sunanta da kanta. Haka kuwa ake yi. Kafin mu gama juzu'in farko na fara yin ciniki da masu kifi ba sa juya mini zuwa Yarabanci. A tsakiyar na biyu na fara mafarki da Faransanci, har Inna ma a mafarkin da shi take yi mini faɗa.

Ba zan ɓoye ba, ba don harshen kaɗai nake ɗokin la'asar ba. Duk wanda mutumin littafin nan ya kayar a cikin maƙiyansa, fuskar Nafi'u nake sa masa. Ina karantawa muryata tana rawa don daɗi. Mama ta lura. Wata rana ta ce, "Ke kam kina karanta wuraren nan kamar mai cin nama." A ranar na ba ta labarina duka.

Daga gida Inna ce kaɗai take kirana, in Baba ya tafi gona. Ita ta gaya mini an ba wani aikina a Gaya. Ita ta gaya mini wata yarinya a islamiyya ta ce wa Ummi uwarta ta shiga duniya, Ummi ta dawo gida tana tambayar ina ne duniya, ko da nisa. Lokacin cirar gyaɗa ya fi kowane lokaci yi mini wuya. Inna tana magana ina jin ƙarar turmi a bayanta, na san ana matsar mai, na san tsakar gidanmu yana ƙamshin ƙuli-ƙuli, ni kuwa ina tsaye a inda komai warin kifi da manja yake yi.

Ranar da na ji maganar Ummi na ɗauki waya na naɗi saƙon murya. Na zayyana duk abin da Nafi'u yake yi. Ban tsaya a kansa ba. Na shiga gidan Alhaji Barau na bi kowa. Na ce benen da suka ɗora da haram aka ɗora shi. Na ce ƙanwarsa Jamila, wadda muka yi firamare tare, kayan ɗakin da ake tara mata na zamba ne, duk wanda ya aure ta ya san a kan me zai kwanta. Niyyata in tura shi duk wani zauren waya da mutanen Ajingi da Gaya suke ciki. Ban tura ba. Na ajiye shi ina jiran lokacin da zai fi zafi, kamar yadda na ga mutumin littafin yana yi. Lokaci lokaci nakan sake naɗarsa, in gyara wata kalma, in ƙara wata.

Saura babi shida mu gama littafin Inna Mariya ta kira ni. Ta ce jandarmomi, wato 'yan sandan ƙasar, sun zo Zango da fasfona suna tambaya. An kama mutumin da yake sassaƙa wa Nafi'u hatimi, shi kuma ya tona komai. An buɗe durowar Nafi'u aka sami fasfo na mutane da yawa. Yaran gidan duk sun tsere sun ƙetare iyaka, don kowannensu ya san abin da ya zo saya. Ni kaɗai aka samu. Na je na ba da bayani, aka ce in dawo kotu bayan kwana takwas in ba da shaida.

Washegari lambar Baba ta fito a wayata. Na ɗauka. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Alhaji Barau ya zo har gida jiya. Dattijo kamar wannan ya zauna a zaurena yana hawaye. Lauyansu ya ce in ba ki je ba, maganar za ta yi sauƙi. Ki bar ta, Sahura. Ga bikin Jamila bayan salla. Tsakanina da Alhaji shekara hamsin ne."

"Baba, Nafi'u ya janye abin da ya faɗa a kaina?"

Na ƙara masa wata tambayar.

"Alhaji ya ce zai tsaya a masallaci ya ce ƙarya ɗansa ya yi mini?"

"Wannan daban."

"A wajena ɗaya ne, Baba."

"Na dai gaya miki," in ji shi.

Da la'asar na buɗe littafin, raina kamar wuta. Na ƙudura cewa ranar da zan shiga kotu, ranar zan tura saƙon.

Babukan ƙarshen ba su zo yadda na zata ba. Na ɗauka mutumin zai gama da su ya tsaya yana dariya. Sai ga shi tarkon da ya ɗana wa ɗaya daga cikinsu ya wuce inda ya nufa, ya faɗa kan wani ƙaramin yaro da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka yi sharrin. Yaron ya mutu. Na karanta wurin da mutumin ya tsaya a kan gawar, ya rasa abin cewa, shi da bai taɓa rasa magana ba tun da ya fito daga kurkuku. Muryata ta tsaya. Rula ba ta motsa ba.

"Ci gaba," in ji Mama.

"Bari in sha ruwa."

"Ba ƙishirwa kike ji ba."

Ban san abin da ya sa ba, na ɗauko wayata na ce mata akwai abin da nake so ta ji. Na kunna mata saƙon. Ta saurara har ƙarshe, kanta a karkace.

"Ban ji kalma ɗaya ba," ta ce, "amma sunaye ba sa buƙatar fassara. Wace ce Jamila? Sau biyar kika kira ta."

"Ƙanwarsa ce."

"Me ta yi miki?"

Jamila ba ta yi mini komai ba. Abin da na iya tunawa game da ita shi ne tana da tsoron kare, kuma takan raba ɗan wakenta da ni a makaranta. Na kuma san sarai abin da saƙona zai yi mata, don ni an yi mini na gani. Mama ta ce a rufe littafin, yau ya isa.

Sauran babukan muka bi su a hankali, ɗaya a rana. Mutumin ya shiga shakkar kansa. Na ƙarshen maƙiyan nasa, wanda ya fi kowa hannu a sharrin, mutumin ya kama shi ya wahalar da shi, sannan ya buɗe masa ƙofa ya ce ya tafi. Shi ma ya hau jirgin ruwansa ya bar ƙasar. Na karanta layin ƙarshe ranar Asabar, ana saura kwana biyu kotu. Wata goma sha ɗaya muka yi a kan littafin nan. Na rufe shi na ɗora a cinyata. Idanun Mama da ba sa gani sun cika da ruwa.

"Kin ji?" ta ce. "Ya sake shi."

"Na ji, Mama. Bayan ya gama da sauran."

"Duk da haka ya sake shi."

"Shi yana da dukiya, yana da jirgin ruwa, yana da inda zai je da ba wanda ya san shi. Ni Gafasa zan koma. Can 'yata take. Kuma shi da hannunsa ya yi komai, shi ne alƙali, shi ne ɗan sanda. Ni ba zan taɓa Nafi'u ba. Tambayata za a yi, in faɗi abin da na gani. In na yi shiru, baɗi wani zai sayar da sansa ya turo 'yarsa."

"Saƙon fa?"

Na ɗauko wayar na goge shi a gabanta, na gaya mata na goge. Ban ji daɗin gogewar ba. Na sha wahala a kan saƙon nan, kuma ya yi kyau.

Ta ce, "Ni da son raina ne, da kin bar shi da Allah. Na tsufa, na ga kotuna. Amma tunda za ki je, ba za ki je ki kunyata ni ba. Tashi tsaye. Ni ce alƙali. Faɗi sunanki."

Muka yi ta yi har magariba, rula tana aiki.

Ranar Litinin ta ɗaura zaninta na coci ta ce da ita za a je. A farfajiyar kotun aka wuce da Nafi'u ta gabanmu. Ya rame, babu hula. Ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Sahura, ki ji tsoron Allah. Ki tuna zumunci."

"Shi nake ji," na ce.

Da aka kira ni, alƙalin ya duba takarda ya ga daga Najeriya nake, ya ce a nemo tafinta. Na ce masa da Faransanci na gode, ba na buƙata. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to bismilla, ko abin da ya yi kama da haka a harshensu. Na faɗi komai daga kan iyaka har matakala. Sau biyu na yi tuntuɓe na gyara da kaina. Lauyan Nafi'u ya tashi ya ce an san dalilin da ya sa na bar gidan, ya tambaye ni inda mace irina ta kwana shekara ɗaya da rabi. Na ce wata huɗu a kan tabarmar mai tuwo a Zango, sauran a gidan tsohuwar da ke zaune a layi na biyu, in yana so ya tambaye ta. Mama ta miƙe da sandarta ba tare da an kira ta ba. Lauyan ya ce ba shi da sauran tambaya.

An yanke wa Nafi'u hukuncin ɗauri. An mayar mini da fasfona. Takardar malantata ba a gan ta ba har yau, ban san hannun da ta faɗa ba.

Ban koma gida nan da nan ba. Wani tsohon ɗalibin Mama ya nuna mini inda ake zana jarrabawar harshen ta gaskiya, wadda ake shiga aji a zauna a gaban malamai. Na yi wata biyar ina shiri, na zana, na ci. Lokacin kuma 'yar Mama ta dawo don ta zauna da ita. Ranar da zan tafi na yi ƙarfin hali na roƙe ta littafin. Ta ce, "Na mijina ne. Nemi naki." Sannan ta laluba fuskata da hannu biyu, daga goshi har haɓa, ta ce tana so ta san wadda ta yi shekara tana yi wa tsawa. Na biya Zango na yi wa Inna Mariya sallama, ta cika mini kwano ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Kwana biyu a hanya. Daga Kano na hau motar Gaya, muka ƙetare gadar Wudil, na fara ganin gonakin gero da dawa sun yi kai. Na isa Gafasa da azahar. Ummi ta yi tsawo, ta zubar da haƙoran gaba, ta ɓuya a bayan Inna tana leƙena. Sai da yamma ta yarda ta zauna a kusa da ni. Baba ya amsa gaisuwata, ya ce an dawo lafiya, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Haka muka yi kwana biyar. Inna ta gaya mini an yi bikin Jamila lafiya, tana Kano. Ta kuma gaya mini tun ranar da hukuncin ya fito Alhaji Barau bai sake taka Gafasa ba, kuma gari ya rabu biyu: masu cewa na wanke kaina, da masu cewa na ɗaure ɗan mutane a ƙasar waje.

Ranar kasuwar Ajingi da safe Baba ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a.

"Sa hijabinki ki zo mu je."

Ban tambaye shi ko ina ba. Da muka sauka a tasha bai bi ta bayan kasuwa ba, ya kutsa ta tsakiya, ta layin 'yan hatsi, ina biye da shi. Ina jin maganganu suna yankewa duk rumfar da muka wuce. Ya tsaya a gaban rumfar Alhaji Barau. Alhaji yana zaune a kan buhu, ya tsufa fiye da yadda na bar shi.

Baba ya yi sallama. Ba a amsa ba. Ya sake, ya kuma sake. Alhaji yana kallon masu awo.

"Sahura," in ji Baba, yadda na kusa za su ji, "gaishe shi. Babanki ne."

Na durƙusa har ƙasa. "Baba Alhaji, ina kwana. Mun same ku lafiya?"

Ya kawar da kansa gefe. Na zauna a durƙushe. Baba ya jira har shirun ya yi tsawo, sannan ya ce, "Barau, na yarda da maganar ɗanka na ƙi ta 'yata, shekara guda ban kira ta ba. Wannan laifina ne, ba naka ba. Mun zo mun gaishe ka. Duk ranar da ka zo Gafasa, zaure a buɗe yake."

Ya juyo gare ni. "Tashi mu je."

Na miƙe na kakkaɓe gwiwata. Na ɗauka tasha za mu koma, amma sai ya nufi cikin kasuwar, a hankali, yana tsayawa rumfa rumfa yana gaisawa da mutane. Duk inda ya tsaya sai ya matsa gefe kaɗan don a gan ni, ya ce, "Ga Sahura. Ta dawo daga karatu."